Neman sunan Hausa ga ciwon "bronchiolitis" na jarirai

1/ Ƙanwata ta dawo daga asibiti da jaririnta ɗan kwana ashirin, ta miƙo min kati. "Yaya, me suka rubuta nan?" Na duba na ga bronchiolitis, na ce mata mura ce. Sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Au, ashe mura ce ma." Nan na san na yi katoɓara.

2/ Ciwon kumburi ne na ƴan siraran hanyoyin iska da ke can cikin huhu, majina ta cushe su. Galibi bairos ɗin da ake kira RSV ne ke kawo shi, wanda aka fara ganowa a jikin birai a 1956. Kusan kowane yaro yana kamuwa kafin ya cika shekara biyu. A jikin babba atishawa ce da yoyon hanci, shi ya sa ƴan barka ke karɓar jariri hannu zuwa hannu ba tare da tunanin komai ba. A jikin jariri kuwa, balle bakwaini, yakan kai ga saka oksijin. Duk shekara RSV yana kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a duniya.

3/ Da na shiga neman sunan da zai dace da ciwon, wani ya ce a kira shi mashaƙo. Ai tun ɓarkewar difteriya a 2023 wannan sunan ya samu mai shi. Sarƙewar numfashi kuma korona ta riƙe.

4/ Sunan limoniya na fi jin tsoro. Da mai jego ta ji ta, kemis za a aika a sayo antibayotik, alhali antibayotik ba ya taɓa bairos.

5/ Ni dai na tsaya a kan MURAR ƘIRJI. Ba ta ƙaryata uwa ba, don da mura abin ke farawa, amma tana sa ta ɗage rigar yaro ta kalli ƙirjin. In ƙasan haƙarƙari na loɓawa ciki duk numfashi, ko hancin na buɗewa, ko yana gurnani, ko ya kasa kama nono, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya kuma bai kai wata biyu ba, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

6/ Ungozomomi da mutanen Sakkwato da Damagaram, in kakanninku na da sunan da suke kiran wannan, ku kawo, zan janye nawa.