Samfurin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko in koma Lua?

Aminu: Salam ƴan uwa. Kwana uku kenan ina fama da samfurin akwatin bayanin garuruwa a Wikipedia ta Hausa, umarnin sharaɗi ne birjik, #if a cikin #if a cikin #switch, har na rasa wace baka ce ta buɗe wace ce ta rufe, jiya na goge guda ɗaya tak sai akwatin ya watse a shafuka da yawa. An ce in koma Lua, yaren rubuta manhaja, ta ina zan fara?

Hadiza: Wa alaikassalam. Koma kawai Malam Aminu, tun 2013 aka kunna Scribunto, manhajar da ke sa Lua ya yi aiki, a wikis na Wikimedia saboda irin wannan wahalar. Ka rubuta aikin a shafin Module, inda ake rubuta Lua, samfurin kuma ya kira shi da #invoke, shikenan. Amma don Allah kar ka taɓa babban samfurin tukuna, yi gwajinka a sandbox, wato shafin gwaji.

Bashir: Ni shawarata ka fara da karanta wanda wasu suka rubuta. Buɗe Module:Arguments ka ga yadda yake karɓar bayanai, sannan a ƙasan shafin gyaran module akwai wurin gwaji da zaka rubuta layi ɗaya ka ga sakamako nan take, da shi na koya wallahi. Kuma a Lua ƙirgar abubuwan da ke cikin jeri daga 1 take farawa ba 0 ba, in ka saba da yaren Python ka kiyaye.

Hadiza: Yawwa ga wanda ya fi damuna, haruffanmu masu lanƙwasa. string na asali, kayan sarrafa rubutu na Lua, bytes (ma'aunin adana bayanai a kwamfuta) yake ƙirgawa ba haruffa ba, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bytes biyu ne. Na taɓa yanko harafin farko na Ƙaraye da string.sub sai ga wata alamar tambaya a cikin baƙin akwati, rabin harafi ya ɗauko. string.upper ma baya mayar da ƙ zuwa Ƙ. Yi amfani da mw.ustring duk inda rubutun Hausa zai bi.

Aminu: Ikon Allah, ashe shi yasa sunayen suke lalacewa a gwajin da nayi da safe. Nagode Malama.

Bashir: Sannan in yawan jama'a da jiha kake son nunawa, duba Databox, wani akwatin bayani da aka riga aka haɗa, kafin ka wahalar da kanka, daga Wikidata, rumbun bayanan Wikimedia, yake jawo su. Ka dai tuna sakan 10 kacal aka ba Lua a kowane shafi, in ka cika kiran Wikidata zaka ga jan rubutu na kuskure.

Aminu: To bari in kwafe samfurin zuwa sandbox bayan isha'i, zan turo muku ku duba min.