In baƙon soja ya tattara ya tafi, wa zai tsare gari?

Direban Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na tsallaka gadar Ngeli da lodin siminti, na iske magana ɗaya a bakin kowa, daga 'yan duwan har masu shayi: Faransa ta miƙa wa Chadi sansanin sojanta na Adji Kosei da ke Injamena ranar 30 ga Janairun 2025, bayan na Faya da na Abeshe. Ana ta murna, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Ƙasar da baƙon soja ya daɗe yana riƙe mata tsaro, ranar da ya tafi zubewa take yi. Amurka ta bar Iraki a Disambar 2011, a Yunin 2014 Mosul ta faɗa hannun Da'ish. Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga Agustan 2021 tun sojan Amurka bai gama kwashe kayansa a filin jirgi ba. Da an bar Faransawan nan sun zauna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, mu na Kamaru muna kallo.

Malam na Marwa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ɗauko labarin Iraki daga wutsiya. Wa ya rushe tsaron tun farko? An shiga ƙasar ranar 20 ga Maris 2003, Bagadaza ta faɗi 9 ga Afrilu, aka wasashe ma'aikatu da asibitoci da gidan tarihi sojan Amurka na gari, ma'aikatar man fetur suka sa wa gadi. A watan Mayu Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora kan mulkin ƙasar, ya rusa sojan Iraki da takarda ɗaya. Dubun dubatar magidanta da suka iya bindiga suka wayi gari babu albashi, da yawansu ga makami a hannu. Aka kuma kori 'yan jam'iyyar Ba'as daga aiki, har malaman makaranta irina. Da aka fasa hubbaren Samarra a Fabrairun 2006, Sunni da Shi'a suka shiga kashe juna unguwa unguwa, akwai sojan Amurka fiye da dubu ɗari a ƙasar. Jinin da ya fi yawa a gaban idonsu ya zuba. In kuma ra'ayin mutanen kake nema, tuna hotunan kurkukun Abu Ghraib a 2004, da yadda aka yi ta yabon ɗan jaridar nan Muntazar al-Zaidi da ya jefi Bush da takalmi a Disambar 2008.

Ɗan Jami'ar Gaundare: Malam, a gafarce ni, amma kada mu haɗa su. Iraki mamaya ce, da yaƙi aka shiga. Chadi yarjejeniya ce, ta 1976 da aka sabunta a 2019, shi ya sa da ministan harkokin wajen Chadi na lokacin, Abderaman Koulamallah, ya sanar da soke ta ranar 28 ga Nuwamban 2024, wata biyu ya ishi Faransawa kwashewa ba a harba harsashi ba.

Baba Mai Goro: Gaskiyarka ɗana. Ku bari wanda ya ga sojan waje a titin garinsa ya faɗi nasa. A 1980 ina saurayi, goron mahaifina nake tsaro a kasuwa, sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Shugaba Gukuni da ministan tsaronsa Hissen Habre a cikin Injamena. Wata tara ana yi. A kwalekwale muka tsallaka Kusiri, mahaifiyarmu da tukunya ɗaya da tabarma. A watan Disamba tankokin Gaddafi suka shigo suna mara wa Gukuni baya, Habre ya gudu, harbi ya tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, mun yi hamdala. Wanda ya kwana wata tara a gindin bishiya ba ya tambayar daga ina mai kashe wutar ya fito. Amma ba a yi wata guda ba, a Janairun 1981, muka ji a rediyo wai za a haɗe Chadi da Libiya su zama ƙasa ɗaya. Daga ranar zukata suka juya. Mutumin da ya yi hamdala jiya shi ne yau yake kau da kai in motarsu ta wuce. Wata rana an tsayar da ni a shinge, yaro sa'ana, ba ya jin Larabcinmu sosai, yana tambayata ina za ni a unguwar da aka haife ni. Ban manta zafin nan ba har yau.

Direba kuma yana da tasa gaskiyar. Sojan Libiya sun fice a Nuwamban 1981, ranar 7 ga Yunin 1982 Habre ya shigo gari, abin da ya biyo baya kowa ya sani. Gukuni ya jingina da bangon da ba nasa ba ne.

Direban Garwa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ai ka faɗa mini maganata.

Baba Mai Goro: Rabinta na faɗa. Ɗayan rabin shi ne 1987. A Fada da Wadi Dum 'ya'yan Chadi ne cikin Toyota suka kori sojan Gaddafi. Faransa ta ba da makamai, ta tsare sama, ban musa ba, amma wanda ya shiga rairayin ya mutu ɗan ƙasa ne. Yankin Auzu da Libiya ta mamaye kuma kotun duniya ce ta tabbatar mana da ita a 1994.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, barka da dare. Direba, ni tambaya ɗaya gare ni: tsaron wa? Ranar 2 ga Fabrairun 2008 da 'yan tawaye suka shigo Injamena, Faransawa filin jirgi suka riƙe, suka kwashe baƙi 'yan ƙasashen waje. Ni a ƙasa na tsallaka gadar Ngeli, goyo a baya, biyu a hannu, cikin dubban mutane ana ture juna. Da na koma shagona babu ko ƙyalle, atamfar da na ɗauko bashi duk ta tafi. Shekara biyu ina biya. Sannan 11 ga Yulin 2015 bam ya tashi a ƙofar babbar kasuwa, mutum 15 suka rasu, wata guda bayan na hedikwatar 'yan sanda. Hedikwatar Barkhane, rundunar Faransa ta Sahel, tana cikin garin nan a lokacin. Wanda ya riƙa tsayawa a ƙofar kasuwa yana caje mu cikin rana ɗan sanda ne na Chadi da samarin kasuwa.

Direban Garwa: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma ki tuna Fabrairun 2019. Ayarin motocin madugun 'yan tawaye Timan Erdimi ya taso daga kudancin Libiya, jiragen yaƙin Faransa ƙirar Mirage suka tare shi a Ennedi. Da ba su yi ba, me zai hana ki sake goya yaro ki hau gadar nan? Ko da kujerar shugaba suke tsarewa, kujerar a tsakiyar gari take, kusa da shagonki. Jiragen nan sun bar Chadi tun 10 ga Disambar 2024.

Hajiya Mai Atamfa: Wannan ta taɓa ni, ba zan yi maka gardama a kai ba.

Malam na Marwa: Ni zan yi. Bom ɗin 2019 bai kashe tawaye ba, bayan shekara biyu ƙungiyar 'yan tawaye ta FACT ta taso ta Kanem, Shugaba Idriss Deby ya rasu a Afrilun 2021 Faransawa na nan. Timan Erdimi kuwa da ƙafarsa ya dawo Injamena a Agustan 2022 bayan zaman sulhu na Doha. Abin da ke damuna shi ne, muddin mai mulki ya san akwai jirgin da zai tashi dominsa, ba ya jin dole ya zauna da wanda ya yi fushi. Mun ga Macron a wurin jana'iza kusa da ɗan marigayin, Mahamat, wanda ya gaje shi, mun ga abin da aka yi wa masu zanga-zanga ranar 20 ga Oktoban 2022. Samarin da suka fito a Mayun 2022 suna cewa Faransa ta fita ba haukacewa suka yi ba.

Mai Kifin Darak: Ku yi mini uzuri, ina kan ruwa sai yanzu na samu intanet. Mu na bakin tafki ba Mirage muke lissafi ba. A Bohoma, Maris 2020, sojan Chadi kusan ɗari Boko Haram ta kashe a dare ɗaya. A Barkaram, Oktoban 2024, kusan arba'in. Bayan nan Shugaba Mahamat ya ce zai iya janye sojansa daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafki. Wannan ce ta hana ni barci, ba tafiyar Faransa ba. In sojan Chadi ya janye daga tsibiran nan, Darak da Fotokol da Bilangwa ne za su ji a jika, masunta su koma biyan haraji ga 'yan daji kafin su jefa taru. Kuma ina roƙon kada a kori wani baƙo a buɗe wa wani ƙofa. A Moura ta Mali, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe aƙalla mutum 500 a Maris 2022, a hannun sojan ƙasar da baƙin da suka zo taya shi.

Ɗan Jami'ar Gaundare: Kawu, wannan shi ne tsorona ni ma. Ga kuma yaƙin Sudan tun Afrilun 2023, Adre ta cika da 'yan gudun hijira.

Direban Garwa: Na ji ku, kuma na janye maganar Iraki, Malam ya nuna mini wanda ya fara rushe ginin. Ta Chadi ban janye ba tukuna. Ku duba watannin da 'yan tawaye suka taso: Afrilun 2006, Fabrairun 2008, Fabrairun 2019, Afrilun 2021. Kullum da rani ayarin yake tasowa, lokacin da ƙasa ta bushe mota take gudu. Yanzu muna Fabrairu. A bar ni in ga ruwan farko ya sauka. Jibi in Allah ya yarda zan koma ta Dabanga da Waza, Hajiya in kina da saƙon Garwa a kawo tasha kafin azahar.

Hajiya Mai Atamfa: Akwai turmi shida, yarona zai kawo. Allah ya tsare hanya.