Baki da murya sun ƙi haɗuwa a bidiyon waƙa: laifin wa, kuma mene ne gyaran?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa furodusoshi da masu tace hoto. Akwai aikin da ya cije mana a Garwa ta ƙasar Kamaru, bidiyon waƙa mai tsawon minti 3 da daƙiƙa 20, wanda aka ɗauka a bakin kogin Benuwe da kyamara ɗaya a kan hoto 25 cikin daƙiƙa, sai waya a kan 30.

A farkon waƙar leɓen mawaƙi da muryarsa daidai suke. Ana kaiwa daƙiƙa 50 baki ya yi baya da kusan daƙiƙa ɗaya, kafin amshin ƙarshe tazarar ta kusa huɗu. An bi hoton wayar da HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, an tsayar da gudunsa a 25, an mai da ma'aunin naɗar sautin 48 kHz daga 44.1, duk ba ta sauya zani ba.

Zargina yana kan sautin da aka kunna a wurin ɗauka. Kwafin gwaji ne da aka turo ta WhatsApp, daga baya kuma situdiyo ta ƙara wa kiɗan sauri, daga bugu 98 a minti zuwa 100. Lissafin ya yi daidai da tazarar.

To, a ƙara wa hoton gudu zuwa kashi 102 cikin ɗari, ko a riƙa yankawa baiti-baiti ana daidaitawa? Wanne ne ba zai ɓata rawar 'yan amshi ba? In kuma dole sai an sake ɗauka, furodusan da bai karɓi kammalallen sauti ba kafin ranar aiki ne zai biya, ko situdiyon? Don Allah a taimaka.