Shin Man United ta tafka asara da ta sayar da McTominay?

Na-Fagge:
Jama'a, ga magana na ajiye, mai ja ya zo da hujja. Sayar wa Napoli da Scott McTominay a ƙarshen Agustan 2024 shi ne mafi munin cinikin da Man United ta yi a 'yan shekarun nan. Yaron da ya shiga makarantar kulob ɗin tun yana ɗan shekara biyar, ya buga wa manya wasa 255, ya ci 29, aka sallama shi a kan fam miliyan 25 da 'yan kai. Kafin shekara ta zagayo ya zura 12 a Seriya A, an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar, Napoli ta ɗau kofi da maki 82, Inter na biye da 81. Ranar da aka raba gardama, 23 ga Mayun 2025, shi ya fara zura wa Cagliari, ya tashi sama ya doki kurosin ɗin Politano tun kafin ƙwallo ta sauka. United kuwa ta ƙare ta 15 a Firimiya da ƙwallo 44 kacal, ba wanda ya wuce 8 a cikinsu. In wannan ba asara ba ce, a faɗa mini sunanta.

Koci Ɗanlami:
Malam Na-Fagge, lissafinka daidai ne, amma wanda ya ci 12 a Napoli da wanda United ta sayar ba aiki ɗaya suke yi ba. A United yawancin shekarunsa lamba shida ya buga, wato ɗan tsakiya mai tsayawa a gaban 'yan baya, gefe da gefe da Fred a zamanin koci Solskjaer. Aikin lamba shida kuwa yana da ƙa'ida. Kafin mai tsaron baya ya ba ka fasin, sai ka waiga ka ga wanda ke bayanka. Sai ka fito daga bayan ɗan gaban abokan hamayya, domin in yana tsakaninka da mai ƙwallo babu hanyar da za ta iso ka. Sai ka tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon ragarku, ɗaya na kallon tasu, yadda taɓawar farko za ta juya ka gaba. A waɗannan abubuwa uku McTominay ke da rauni. Sau da yawa za ka gan shi tsaye a bayan ɗan gaba, ba ya matsowa hagu ko dama, sai Maguire ko Lindelof ya rasa wanda zai ba, ya tura gefe ko ya ɗaga sama. In kuma ta iso shi yana fuskantar ragarsu, mayar da ita baya yake yi. Ba lalaci ba ne, yana gudu, yana sa ƙafa, yana cin ƙwallon sama. Wurin ne ba nasa ba.

Shamsu:
To Koci ai ka gama yi wa Na-Fagge aiki. In wurin ba nasa ba ne, laifin masu sa shi a wurin ne. Gyaran kuwa a canza masa wuri, ba a sayar da shi ba.

Koci Ɗanlami:
A canza masa zuwa ina, Shamsu? Bari in nuna maka abin da Conte, kocin Napoli a lokacin, ya shirya masa, sai ka gaya mini ko akwai irinsa a Old Trafford. Conte ya fara kakar da 'yan baya uku. Da McTominay ya iso sai ya koma 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya uku. Lobotka a ƙasa, shi ke karɓar ƙwallo daga 'yan baya, wato duk abin da na lissafa a sama an sauke wa McTominay shi. Anguissa a dama, McTominay a hagu. Yawancin harin daga ɓangaren dama ake gina shi, tsakanin Di Lorenzo da Politano. Lukaku ya tsaya a tsakiyar 'yan baya ya jingina da su, ko ya ja su zuwa ƙarfen kusa. McTominay ba ya shiga da'ira da wuri. Yana jira a waje sai mai kurosin ya ɗaga kai, sannan ya taso a guje zuwa wajen ɗigon fenariti ko ƙarfen nesa. Wa zai tare shi? 'Yan baya na tsakiya suna kan Lukaku. Ɗan tsakiyar da ya kamata ya bi shi ƙwallo yake kallo. Sai a bar shi da mai tsaron gefe, wanda galibi bai kai shi tsawo ba, shi kuwa ya haura mita 1.9 kuma da gudu ya zo. Ku duba watan Afrilun 2025: biyu a ragar Empoli, ɗaya da ka a gidan Monza, biyu a ragar Torino. Biyar a wasa uku a jere, lokacin da kofi ke lilo.

Wannan aiki yana buƙatar abu uku: mai riƙe ƙasa irin Lobotka, ɗan gaba mai danne 'yan baya irin Lukaku, da kujerar da ba kowa a kai. A United a lokacin kujerar mai 'yancin shiga gaba ta Bruno Fernandes ce. In ka saki Bruno da McTominay gaba a tare, Casemiro kaɗai ya rage a tsakiyar fili, ga shekaru. Da an ƙwace ƙwallo, fasin ɗaya ya wuce su. Abin da ya yi ta faruwa ke nan a kakar 2023/24: McTominay ya ci 7 a Firimiya, amma ƙungiyar ta ƙare ta takwas, ta ci 57 an zura mata 58.

Maman Walida:
Ku ba ni wuri in shigo da maganar kuɗi, domin a nan aka yanke hukuncin, ba a fili ba. Dokar kashe kuɗi ta Firimiya a lokacin ba ta yarda kulob ya yi faɗuwar da ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku ba. Ba barazana ce ta baka ba, a kakar 2023/24 an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kanta. Yadda ake rubuta ciniki a littafi kuwa shi ne: ɗan wasan da ka saya, kuɗinsa ana raba shi ne bisa shekarun kwantaraginsa. In ka sayar da shi, ribarka ita ce abin da ya ɗaru a kan ragowar kuɗin da ba a gama cirewa ba. Amma yaron da ka rena a gida ba ka saye shi ba, a littafi darajarsa sifili ce, don haka duk abin da aka biya ka riba ce zalla, kuma a shekarar take shiga gaba ɗaya.

Yanzu ku haɗa. McTominay ya fita, riba kusan fam miliyan 25 ta shiga nan take. Manuel Ugarte ya shigo daga PSG a kan yuro miliyan 50, da ƙarin 10 in an cika wasu sharuɗɗa, kwantaragin shekara biyar. A littafi wajen yuro miliyan 10 ke nan a shekara, ban da albashi. Wato fitar mutum ɗaya ta biya shigowar wani har da canji a shekarar farko. Ten Hag, kocin United a lokacin, da kansa ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa bai so rabuwa da shi ba, ya kuma soki dokar da ke tura kulob ya sayar da 'ya'yan gida. Ku ƙara da cewa shekarunsa 27 a lokacin, kwantaraginsa ya doshi ƙarewa, kuma shi kansa yana son inda zai riƙa fara wasa.

Na-Fagge:
Hajiya, na ji lissafin littafi, amma littafi ba ya cin ƙwallo. Kin sayar da mai ci kin sayo mai tare, sai ƙungiyar ta sauko daga ƙwallo 57 zuwa 44. Kuma ku tuna irin ƙwallayen da yake ci. Oktoban 2023, Brentford na gaba da ɗaya, an sa shi a minti na 87, ya ci biyu a ƙarin lokaci. Disamba, biyu a ragar Chelsea. Fabrairu, ya ci ta nasara da ka a gidan Aston Villa. A Maris shi ya buɗe wasan nan na 4-3 da Liverpool a kofin FA, kuma da shi aka fara wasan ƙarshe da aka doke Man City 2-1. Cire waɗannan ka ga inda Ten Hag zai kwana.

Baba Iro:
Yaran nan kun manta abu ɗaya. Napoli ba ta buga gasar Turai a kakar ba, domin ta goma ta ƙare a wadda ta gabata. Wasa ɗaya a mako, kwana biyar ko shida Conte na riƙe da su a filin atisaye yana maimaita musu motsi ɗaya. Inter da suka sha da ƙyar a hannunta har wasan ƙarshe na Zakarun Turai ta je. Irin gudun da McTominay ke yi daga tsakiya zuwa da'ira ya dawo, sau da yawa a wasa guda, yana son ƙafa mai hutu. Ban rage masa komai ba, amma a sa wannan a ma'auni. Kuma ƙwallon Italiya ba ta da saurin ta Ingila, mai ƙarfin jiki yana samun sarari.

Shamsu:
Baba, da girmanka, maganar hutu na karɓa, ta sauri kuwa ban karɓa ba. In rashin saurin Italiya ne, me ya sa ya yi irin wannan a rigar Scotland tun yana United? Kocinsu Steve Clarke ya taɓa sa shi cikin 'yan baya uku saboda yawan 'yan tsakiya. Da ya matsar da shi gaba, ya ci 7 a wasannin neman gurbin Euro 2024, ciki har da biyun da ya zura wa Sifaniya a Hampden a Maris 2023, Rodri na cikin fili. A gasar kanta ya ci Switzerland. A Nuwamban 2025 kuma ya kifa da baya ya zura wa Denmark tun a minti na uku, aka tashi 4-2, Scotland ta samu tikitin kofin duniya karon farko tun 1998. Ashe hujjar tana gaban United tun 2023, a talabijin kowa ya gani. Kuma a Italiya ba a barin fili a da'ira, Napoli kanta 59 kawai ta ci a kakar, aka zura mata 27. A ƙungiyar da ke cin wasa da ɗaya ko biyu, 12 daga ɗan tsakiya ba ƙaramin abu ba ne. Lukaku da ke gaba 14 ya ci.

Koci Ɗanlami:
Shamsu ya yi gaskiya a kan Scotland, kuma hujjata ce ya ƙarfafa. A can ma akwai masu ɗaukar masa kaya: Callum McGregor da Billy Gilmour su ke karɓa daga baya, shi da McGinn su shiga gaba. Gilmour ɗin ma tare suka koma Napoli. Duk inda ya yi fice, an gina tsarin ne yadda ba sai ya taɓa ƙwallo da yawa ba. Ƙungiyar da ta yarda ta bar wa abokan hamayya ƙwallo ta jira lokacinta za ta iya ɗaukar ɗan tsakiya irin wannan. United kuwa magoya bayanta so suke ta riƙe ƙwallo, kuma da an yi minti ashirin ba a ga McTominay ba sai a fara cewa ya ɓuya. A Napoli ma yakan ɓace na tsawon lokaci, sai dai ba wanda ke ƙorafi in ya fito da ƙwallo a raga.

Wata shaidar kuma: da De Bruyne ya zo Napoli a 2025, Conte ya so ya haɗa su huɗu a tsakiya, sai aka tura McTominay can gefen hagu. Nan take aka fara muhawara a Italiya kan ko an rage masa kaifi. Daga gefe, nisan da zai yi zuwa ɗigon fenariti ya ƙaru, kuma mai tsaron gefe na ganin tasowarsa tun daga farko.

Maman Walida:
Ni inda zan ba Na-Fagge gaskiya shi ne farashi. A bazarar 2023, bayan ƙwallayen Sifaniya, da a 2024 bayan ya ci 10 a duk gasanni, ba a tallata shi a matsayin mai cin ƙwallo ba, an bar kasuwa ta ɗauke shi a matsayin lamba shidan da bai yi nasara ba. Kuma an jira har kwanakin ƙarshe na kasuwa, kowa ya san United na buƙatar kuɗin kafin ta kammala cinikin Ugarte. Mai sayarwa cikin matsi ba ya yanka farashi. De Laurentiis mai kulob ɗin Napoli kuwa ba a yi masa wayo a ciniki, ku tambayi masu bin labarin Osimhen yadda aka kai ruwa rana a wannan bazarar kafin ya tafi aro Galatasaray.

Na-Fagge:
To ai kun zo inda nake. Saura tambaya ɗaya ga Koci. Wata biyu bayan cinikin aka kori Ten Hag, Amorim ya zo da tsarin 3-4-2-1, wanda ke da kujera biyu a bayan ɗan gaba. Bruno ɗaya, McTominay ɗaya. Ga kujerar da ka ce babu.

Koci Ɗanlami:
A takarda haka ne. A fili, mutum biyun nan na Amorim suna karɓar ƙwallo ne a matsattsen wuri tsakanin 'yan tsakiya da 'yan bayan abokan hamayya, bayansu na kallon raga, su juya da mutum a jikinsu. Wato aikin da ya gagare shi a lamba shida ne aka matsar gaba da mita ashirin. Sannan wa zai yi masa aikin Lukaku? Hojlund 4 ya ci a Firimiya a kakar, Zirkzee 3, kuma Zirkzee saukowa yake yi neman ƙwallo, ba ya danne 'yan baya. In ɗan gaba ya sauko, 'yan baya biyu sun samu sukuni, suna tsaye suna jiran duk mai tasowa daga baya. Zai ci wasu, musamman daga kwana da kuma in an sa shi a minti ashirin na ƙarshe ana ɗaga ƙwallo sama. Bakwai ko takwas, na yarda. Sha biyu da kyautar gwarzo, ban yarda ba.

Shamsu:
Bakwai ko takwas ɗin ma, Koci, ai da ya yi kunnen doki da Bruno da Amad a saman jerin masu ci na kulob ɗin a kakar. Kuma a wasan ƙarshe na kofin Europa na 2025 a Bilbao, da Tottenham ta ci ɗaya ta koma ta tare gida, United na ta ɗaga kurosin har Maguire ya koma ɗan gaba. Wa kake so ya taso daga benci a minti na saba'in?

Baba Iro:
Wannan kam McTominay. Amma mutumin da ya zo na 18 a Ballon d'Or ta 2025 ba zai sake sa hannu a kwantaragi don ya jira minti na saba'in ba, kuma tun kafin ya kai nan ma bai yarda ba.