Irin yogot ɗina ya daina kama madara, ku taimaka

Mai yogot, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yogot nake yi na sayarwa. Saboda zafin nan na koma ajiye irin da nake zuba wa madara a firiza, cikin babban kwano guda. Kullum in fito da shi ya narke, in ɗiba, in mayar. Yanzu sai madara ta kwana ba ta kama ba, tsululu, ruwa kwance a sama. Madarar garin kuwa ban canza ba. Ina matsalar take?

Malamin kimiyya, Ngaundare: Wa alaikumus salam Hajiya. Fitarwa da mayarwar nan ce. Irin yogot rai gare shi, bakteriya ne kala biyu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da siririyar fata mai maiƙo, ta nan sukarin madara ke shiga, tsami ya fito. In sanyi ya kama, ƙanƙara tana fara tsirowa a wajen ƙwayar, ta janye mata ruwan jiki, fatar kuma ta sandare kamar man shanu a hunturu. Wajen narkewa sai ta riƙa yoyo. Wasu su mutu, wasu su tashi da rauni, aikinsu ya yi nawa. Kowane zagaye ƙarin ɓarna ne, kuma bulgaricus ya fi ɗan uwansa rashin juriya.

Wata Hajiya, Marwa: 'Yar uwa, raba shi. Ranar da yogot ya kama, tun bai yi tsami sosai ba, ki zuba a ƙananan leda, kowace daidai ta haɗi ɗaya. Ni ina ɗan sa sukari kafin in ƙulle. Wadda ta narke ba ta komawa.

Malamin kimiyya: Daidai ne, sukari da madara suna kare fatar. Kada dai a narkar da ruwan zafi, kuma madarar ta huce zuwa digiri 42 ko 43 kafin a zuba.

Mai shago, Kuseri: Ku tuna da ɗaukewar wuta. Firiza ya saki cikin dare ya sake kamawa, ko ba ki taɓa kwanon ba an yi zagaye guda. Ki tura ledojin can ƙasa tsakanin ƙanƙara.

Mai yogot: Allah ya saka da alheri. To wanda ke kwanon fa, in zubar?

Wata Hajiya: Ki dama fura da shi. Iri kam sabo za ki nema.