mknod() ya ba ni bututu amma shirin ya tsaya cak, fayil ɗin na'ura kuma ya ƙi fitowa

sabon_ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta C a Linux, abu biyu sun ɗaure min kai. Na kira `mknod("/tmp/layi", S_IFIFO | 0666, 0)`, fayil ɗin ya fito, amma da na buɗe shi da `O_WRONLY` sai shirin ya tsaya cak, ba saƙon kuskure, ba komai. Na biyu, `mknod("/tmp/banza", S_IFCHR | 0666, makedev(1, 3))` yana dawo min da -1. Ina matsalar take?

mai_gyara:
Wa alaikumus salam. Na farkon ba kuskure ba ne, haka aka gina shi. Bututu mai suna (FIFO), wato abin da `S_IFIFO` ya ƙirƙira maka, ba ya ajiye komai a faifai, suna ne kawai da shirye-shirye biyu ke haɗuwa a kai. Mai rubutu ya buɗe, sai ya jira mai karatu. Mai karatu ma haka yake jiran mai rubutu. Buɗe wata tagar ka buga `cat /tmp/layi`, nan take shirinka zai farka.

In ba ka son jira, ƙara `O_NONBLOCK`, amma ɓangarorin ba hali ɗaya gare su ba. Mai karatu zai buɗe nan take ko babu kowa. Mai rubutu kuwa, in babu mai karatu, `open()` zai faɗi da `ENXIO`. Wasu suna kauce wa wannan da `O_RDWR`. A Linux yana aiki, sai dai POSIX bai fayyace shi ba, kuma tunda kai ma kana riƙe da bakin rubutu, `read()` ba zai taɓa dawo maka da 0 ba, wato ba za ka ga ƙarshen bayani ba ko ɗaya shirin ya rufe.

Sai ka kula da ranar da mai karatu zai tafi kana cikin rubutu. Kanel, wato zuciyar Linux, zai aiko da siginar `SIGPIPE`, shi kuma kashe shiri yake yi shiru. Sa `signal(SIGPIPE, SIG_IGN)`, sai `write()` ya riƙa ba ka `EPIPE` ka san abin yi. Rubutun da bai wuce `PIPE_BUF` ba, bayit 4096 a Linux, yana shiga dunƙule guda. Ya wuce haka, kuma marubuta sun fi ɗaya, saƙonni na iya cakuɗewa. Cikin bututun yawanci bayit 65536 ne, in ya cika mai rubutu ya jira.

Shawarata, don bututu yi amfani da `mkfifo("/tmp/layi", 0666)`. Aiki ɗaya ne, ya kuma fi sauƙin karantawa.

tsohon_direba:
Malam, na biyun buga `perror()` ka gani, kusan tabbas `EPERM` ne. Kowa na iya ƙirƙirar bututu, amma `S_IFCHR` da `S_IFBLK` sai mai izinin `CAP_MKNOD`, galibi root, wato mai cikakken iko a kwamfutar. Dalili: fayil ɗin na'ura lambobi biyu ne kawai, babba da ƙarama. Babbar tana nuna direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, ƙaramar tana nuna wace na'ura ce a hannunsa. 1 da 3 shi ne `/dev/null`, 1 da 5 `/dev/zero`, 1 da 9 `/dev/urandom`. A ɓangaren `S_IFBLK`, 8 da 0 shi ne `/dev/sda`. Da an bar kowa ya yi, sai mutum ya ƙirƙiri 8 da 0 a gidansa da izinin 0666, ya karance faifan gaba ɗaya, har fayilolin da ba nasa ba.

Ko da `sudo` ya yi, akwai sauran rina a kaba. In an ɗora wurin da `nodev`, zaɓin da ke hana amfani da fayilolin na'ura, kamar yadda ake yawan yi wa `/tmp` da filashi, fayil ɗin zai fito amma buɗewa ta faɗi da `EACCES`. Duba da `findmnt /tmp`. A kan FAT kuwa ko bututun ba zai ƙirƙiru ba. Kuma `mknod()` ba ya tambaya ko akwai direba a bayan lambobin. Ka ba shi lambar da ba ta kowa ba, zai karɓa, sai wajen buɗewa ka ci karo da `ENXIO`.

sabon_ɗalibi:
Na gode ƙwarai. `EPERM` ɗin ne, da `sudo` ya fito. Amma `ls -l` yana nuna `prw-r--r--` a bututun alhali 0666 na sa, kuma a wata kwamfutar gcc yana cewa bai san `makedev` ba.

mai_gyara:
`umask` ne ya yanke, wato saitin da ke rage izinin sabbin fayiloli. Naka 022 ne, shi ya mayar da 0666 zuwa 0644. Kira `chmod()` bayan ƙirƙira, ko `umask(0)` kafin nan sannan ka mayar da tsohon. Harafin farko ne ke faɗin nau'in fayil: `p` bututu, `c` ko `b` na'ura, kuma a fayil ɗin na'urar, inda ake rubuta girma za ka ga `1, 3`.

Shi `makedev` ƙara `#include <sys/sysmacros.h>`; tun glibc 2.28 `<sys/types.h>` ya daina jawo shi. Sannan in ka sake gudanar da shirin za ka samu `EEXIST`, domin sunan yana nan har sai an yi `unlink()`. Kada ka ɗauka bututunka ne ke wurin, musamman a `/tmp` da kowa ke rubutu: duba da `lstat()` da `S_ISFIFO()` kafin ka buɗe.