"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama": lallashi ne ko kashe gwiwa?

Ɗiyar Kagoro: Salama, iyaye da 'yan'uwa. Ina so a warware mini wannan karin magana. Tun da na gama bautar ƙasa nake tura takardun neman aiki, shiru kake ji. Alawin nan na 77,000 ya yanke, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwarmu, albashin bai kai rabinsa ba. Ranar Lahadi bayan sujada wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki damu ɗiyata, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na ce amin, amma maganar ta tsaya mini a rai. Cewa take nawa zai zo, ko cewa take ni kwaɗo ce, in daina ɗaga kai? Kuma ya dace mai bi ya jingina da irin wannan magana?

Baba Mai Ritaya: Ɗiyata, alheri ta nufe ki da shi. Kwaɗo ba ya hawa bishiya, kowa ya san haka. To idan Allah ya ware masa abu, ba zai maƙale a reshe ba, sai ya faɗo inda yake. Babu raini a ciki. Sai dai ki lura da lokacin da Bahaushe yake faɗinta. A kasuwa, mai saye ya wuce rumfuna jere ya zo ya tsaya a ta wani tsoho da ko kiran ciniki ba ya iya yi, sai maƙwabtansa su ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Bayan abu ya faru ake faɗi. Ban taɓa jin manomi ya faɗe ta a farkon damina ya koma ya kwanta ba.

Ɗan Bukuru: Baba, a gafarce ni, ni ba na son wannan magana ko kaɗan. Waɗanda suka ƙoshi ne suke faɗa wa masu jin yunwa. Mun shiga jami'a, yajin aikin 2020 ya cinye mana wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Mun fito, sanarwar aiki ta ce kada shekarunka su wuce kaza, kuma kana da ƙwarewar aiki. Ɗan wane kuwa takarda ɗaya daga babba ta ishe shi, wani ma sayen gurbin ake yi da kuɗi. Rabon kwaɗo yana faɗowa, na yarda, amma akwai masu tsani da suke tare shi tun yana sama. Sai a zo coci a ce maka ka yi haƙuri.

Malam Na Tudun Wada: Ni Musulmi ne, amma bari in sa baki, don karin maganar tamu ce duka. Bakin da ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama shi ne ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ta farko ta mai kuka ce, ta biyu ta mai barci. Dattijuwar ta ga fuskarki ne ta zaɓi wadda za ta ba ki.

Malamin Lahadi: Ƙanwata, tambayarki ta ƙarshe nake so in taɓa. Akwai ayar da matasanmu suke liƙawa a ko'ina, Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ba na masifa ba. Da yawa suna karanta ta kamar wannan karin magana ce aka sa wa lamba. Ku koma farkon surar. Wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila. A sura ta 28 wani annabi, Hananiya, ya riga ya yi shela cewa cikin shekara 2 komai zai dawo daidai. Irmiya ya ce a'a, shekara 70 ne. Me aka ce su yi kafin nan? Su gina gidaje, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar garin da ba su zaɓa ba, su yi masa addu'a. Akasarin waɗanda suka ji wasiƙar ba su ga ranar komawa ba. Alkawarin gaskiya ne, amma ba a ba su izinin ajiye rayuwa a gefe har sai ya cika ba. Abin da ke ba ni tsoro a tsakaninmu shi ne irin su Hananiya sun yi yawa. Kowace ƙarshen shekara sai an ce wannan ce shekarar buɗinka, yaro ya yi azumi, ya ba da baiko, Maris ya wuce babu komai, sai ya fara zargin bangaskiyarsa.

Ɗiyar Kagoro: Malam, ka taɓa inda yake mini ciwo. Ba kuɗin ne kaɗai ba. A zumuntar 'yan bautar ƙasa ta NCCF kullum ana wa'azi a kan gano nufin Allah ga rayuwarka. Abokaina kowa kamar ya gano nasa: wannan banki, wancan ya tafi Ingila karatu. Ni ina nan da alli a hannu, ban san ko wannan ne kirana ba ko ɓata lokaci nake yi.

Mama Mai Citta: Yara nawa ne a ajinki?

Ɗiyar Kagoro: Sun fi talatin, Mama. 'Yan aji uku na firamare.

Mama Mai Citta: To, a cikinsu akwai wanda bai iya karatu ba da kika karɓe su, yanzu ya iya? In akwai, uwarsa ba za ta ce kina ɓata lokaci ba. Ɗana ya gama digiri ya dawo gona tare da mu. A 2023 cutar nan ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, kana tono sai ka ga ta ruɓe ta zama ruwa, wari ya cika gona. Mutanen Kachia da Jaba sun san abin da nake faɗi. Ranar da muka gama tonon babu abin kai wa kasuwa, ni kaina na ce masa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, don ba ni da wata maganar. Washegari kuma na tashe shi muka je neman irin wake. Ban ga inda maganar ta hana mu fita ba.

Ɗan Bukuru: Mama, ku kun fita. Na san samari a unguwarmu da suka shekara suna jiran sunansu ya fito a jerin ɗaukar aikin gwamnati, an ce su koyi gyaran sola ko aski sun ce ba rabonsu ba ne, su masu digiri ne.

Baba Mai Ritaya: Wannan girman kai ne, ɗana, kada ka ɗora wa kwaɗo.

Fasto Daga Gombe: Na daɗe ina karantawa. Ɗiyata, a Sabon Alkawari kiran da aka fi nanatawa shi ne kira zuwa bin Almasihu, ba zuwa wani ofis ba. Bulus ya zauna a Koranti yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da matarsa, yana ci da guminsa, kuma bai daina zama manzo ba a ranakun da allura ke hannunsa. Shi ne ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Dubi Yusufu kuma. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A tsakani ya riƙe gidan ubangidansa Fotifar, ya riƙe kurkuku, a nan ya koyi sarrafa mutane. Abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba: da ya fassara mafarkin mai shayarwar sarki, ya roƙe shi ya ambace shi a wurin Fir'auna, a fitar da shi daga wurin. Ya nemi hanya ke nan. Mutumin ya manta da shi har shekara 2. Don haka ci gaba da tura takardu ba rashin bangaskiya ba ne, zama a ajin ma ba faɗuwa ba ne. Ba zan ce miki koyarwa ce kiranki ba, ban sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ki yi hankali da shi.

Ɗan Bukuru: Fasto, da girmamawa, Yusufu ya zama gwamna a ƙarshe, shi ya sa labarinsa yake da daɗin wa'azi. Mai toye-toyen sarki da aka ɗaure tare da shi, aka kuma kashe shi fa?

Fasto Daga Gombe: Tambayar tana da nauyi, ba kuma zan rufe ta da aya ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda suka ci nasara, ta kuma lissafa waɗanda suka mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, duka ta kira su masu bangaskiya. A nan ne nake rabuwa da karin maganar. Ita tana tabbatar maka abu zai faɗo. Ni abin da zan iya tabbatarwa shi ne ba a yashe ka ba, ko ya faɗo ko bai faɗo ba.

Baba Mai Ritaya: Fasto, ba ta ce abin da kake so ne zai faɗo ba. Rabo ta ce.

Ɗan Bukuru: To, tunda an bar ni ni kaɗai, ga tawa gudummawar, Yaya. In za ki daɗe a ajin nan, kada ki zauna haka. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna tana ba da difloma ta koyarwa ga masu digiri, ana yi ana aiki. Da ita za ki iya rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, manyan makarantu da gwamnatocin jihohi suna tambayar wannan takardar. Sannan ki sami mai makarantar ki nemi ƙarin albashi kafin a shiga sabon zango, lokacin da yake tsoron rasa malamai. Ki tafi da sakamakon jarrabawar yaran a hannu.

Ɗiyar Kagoro: Na gode. Akwai wanda ya san ko suna da cibiyar karatu a Kafanchan, ko sai na riƙa zuwa Kaduna?